Lissafin Ƙarfe a Panteka

Talatin ga Disamba na rufe shago da wuri.
Na kashe injin walda, na rataye tabarau,
na yago kwalin batir, na laluba alli a aljihu.
Lokacin lissafi ya yi.

Shekara tara ke nan ni da Bitrus Kazah
muna rigima ɗaya a kan benci ɗaya:
wane faifai ne ya fi tsawa a bana,
wa ya matse wayar jita har ta yi kuka,
wa ya buɗe maƙogwaro
kamar ana jan kwanon rufi a kan kwalta.

Panteka ta gama yanke mana hukunci.
Alhaji Mudi mai rodi ya ce,
"Ku wuni cikin ƙarar guduma,
ku koma gida ku sayi wata ƙarar da kuɗinku?"
Ban tanka ba.
Me zan ce wa wanda bai taɓa jin
ganga biyu suna tsere a ƙirjinsa ba,
kamar jirgin Rigasa ya makara?

Na biyar na ba wasu 'yan ƙasar sanyi
masu gashi har gadon baya.
Ban san yarensu ba,
amma waƙarsu ta uku tana tafiya sululu
kamar kogin Kaduna da rani,
kafin ka ankara Agusta ta shigo,
ruwa ya kai wuyan gada.

Na huɗu, Bitrus zai ce shirme ne.
Na rubuta shi da manyan baƙi
don kawai in ji ya faɗa.

Na uku a keke na saurare shi, Kawo zuwa Kasuwa,
da kunne ɗaya, ɗayan ya yi murabus tun damina.
Likita ya ce injin gurza ƙarfe ne ya cinye shi.
Bitrus ya ce ƙarya ne, faifan bara ne.

Na biyu mun yarda da shi tun Yuli, babu musu.
Hakan bai taɓa faruwa ba.
Har gabana ya faɗi.

Sai na ɗaya.
Alli ya tsaya.
Bencin ya yi mini faɗi.

Tun Oktoba yana kwance a Kakuri,
gefen dama ya yi shiru, baki ya karkace,
mutumin da ke iya musu da rediyo
har rediyon ya gaji.

Na cusa kwalin a riga, na hau babur, na tsallaka gada.

Ɗakin na warin man zafi da kunu.
Hannatu, autarsa, ta ba ni kujera,
ta ce, "Kawu, kada ka yi dariya,"
ta danna waya.
Waƙa bakwai ta ɗauka a bayan gida
da jitar gwanjo mai waya biyar
da lasifikar da na yi wa gida da ragowar langa-langa.
Janaretan maƙwabta na ciki.
Zakara na ciki.
Wata mata tana kiran ɗanta daga nesa, ita ma tana ciki.
Amma da yarinyar nan ta sauke hannu,
wallahi sai da na ji shi a haƙori,
har kunnen da ya mutu ya motsa.

Na duba gado.
Hannunsa na hagu yana dukan ƙarfen gadon,
dum-dum, dum-dum,
bai kuskure ko ɗaya ba.

Na ɗaga masa kwalin.
Ya bi shi da ido daga ƙasa zuwa sama,
ya tsaya a gurbin da babu komai,
ya nuna wayar da haɓa.
Na rubuta: Hannatu, Kakuri, babu suna, babu bango.

Sai ya miƙo hannu. Na ba shi allin.
Ya daɗe yana kokawa da shi,
gumi ya tsattsafo masa,
farin gari yana zuba a kan bargo.

Ya ja layi, karkatacce, mai kauri,
a kan na huɗu.